A Wuyan Wa Amanar Yaro Take?

A kowace makarantar firamare da ake tafiyar da ita bisa tsari, ta gwamnati ce ko ta kuɗi ko Islamiyya, mako yana da fasalinsa wanda yara suka fi iyayensu sani. Ran Litinin da safe a yi layi a fili, a duba farce da gashi da wankin tufafi, hedimasta ya bayyana abin da ke tafe. A tsakiyar mako a yi gwaji, ko wasanni, ko sharar harabar makaranta. Ran Juma'a kuwa a tashi da wuri domin a sami masallaci, kowane yaro ya koma gida da aiki a jaka da saƙo zuwa ga iyayensa, wani lokaci a 'yar takarda, wani lokaci da baki, a wannan zamani kuma har ta waya. Abin da saƙon ke ɗauke da shi bai wuce a ce akwai taron iyaye da malamai ran Asabar, ko masu rigakafi za su zo, ko a daina makara, ko a yi wa 'yan mata kitso, ko a sa hannu a littafin aiki ba. Da yawa daga cikinmu mun ɗauki wannan a matsayin ƙaramar hidima wadda ba ta cancanci tsayawa ba, alhali kuwa a ƙarƙashinta akwai mas'ala babba wadda ya kamata kowane mahaifi ya san hukuncinta: idan mutum ya kai ɗansa makaranta, ya biya abin da aka yanka masa, ya ba shi kuɗin tara kowace safiya, shin nauyin tarbiyya ya sauka daga wuyansa ya koma wuyan malami, ko kuwa yana nan inda Allah ya ajiye shi tun farko?

Idan muka koma ga asali, za mu tarar nassoshin da suka zo a kan wannan babi da iyaye suke magana tun kafin su yi magana da kowa. A aya ta 6 cikin Suratut Tahrim, muminai aka umurta da su tsare kawunansu da iyalansu daga azaba. A hadisin Abdullahi ɗan Umar, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, an siffanta magidanci da matar gida da cewa kowannensu mai kiwo ne wanda za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Haka nan umurnin nan da Abu Dawuda ya ruwaito, na a fara hori yaro da salla yana ɗan shekara bakwai, ga iyaye aka fuskantar da shi, kuma waɗannan shekaru su ne daidai lokacin da yaro yake aji ɗaya ko aji biyu na firamare. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, wato 1111, da ya zo babin horon yara a cikin Ihya'u, da wannan ya fara, cewa yaro amana ne a hannun mahaifansa, abin da aka saba masa da shi a kansa zai tashi, kuma idan aka yi sakaci da shi har ya lalace, to, zunubin yana kan wanda aka ɗora wa kula da shi.

To, ina matsayin malami ke nan? Malaman fiƙihu suna da babin wakala da babin ijara, kuma a cikinsu ne amsar take. Ya halatta mutum ya wakilta wani a kan aikin da shi bai iya ba ko ba shi da sukunin yi, ya kuma biya shi lada, kuma wannan wakili lalle za a tambaye shi game da abin da ya karɓa. Amma wakilci aiki yake ɗauke wa mutum, ba ya ɗauke masa kasancewarsa mai abu. Manomin da ya ɗauki 'yan ƙodago, ya sallame su da kuɗinsu da furarsu, sa'an nan bai sake taka gonar ba har kaka, idan ya tarar ciyawa ta cinye gero ba shi da wanda zai zarga kafin kansa, domin gonar tasa ce, kuma rumbun da zai zauna wofi nasa ne. Saƙon da makaranta ke aikowa duk mako, a haƙiƙa, bayani ne na wakili ga wanda ya wakilta shi. Uban da ya ƙi duba shi ya bar haƙƙinsa, ya kuma bar wajibinsa a lokaci guda.

Kada wani ya yi zaton wannan al'ada Turawa ne suka zo da ita tare da allon bango da alli. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ɗan babban malamin nan na mazhabar Malikiyya mai Mudawwana, ya wallafa ɗan littafi a kan ladubban malaman makaranta mai suna Adabul Mu'allimin, wanda yake cikin mafi daɗewar abin da aka rubuta a wannan fanni. A ciki ya tsara wa malami mako: a keɓe lokaci sananne na bitar Alƙur'ani, kamar yammacin Laraba da ranar Alhamis, a sallami yara ran Juma'a. Ya wajabta masa ya riƙa bin diddigin yaran da kansa, ya sanar da waliyyansu idan ba su zo ba, ya kuma iyakance masa horo, har ya ce kada ya ƙetare bulala uku sai da izinin mahaifi. Duk wanda ya yi nazarin waɗannan hukunce-hukunce zai ga cewa fiye da shekaru dubu da suka shige, malaman da muke bin mazhabarsu sun riga sun yanke cewa ƙofar da ke tsakanin makaranta da gida ba ta rufuwa, kuma maganar ƙarshe a kan yaro ta mahaifinsa ce.

A ƙasar Hausa ma makarantar allo ta soro tana da nata igiyoyin da suka ɗaure ta da gida. Kowace Laraba yaro yakan zo da kuɗin Laraba, wanda ko da bai taka kara ya karya ba, yana tilasta wa gida ya tuna da malam sau ɗaya a mako. Alhamis da Juma'a a huta. Idan yaro ya kai wata sura ko wani izu a yi sadaka, in ya sauke a yi wa allonsa zayyana a tara dangi a yi walima. Malamin maƙwabci ne, a sahu ɗaya suke salla da uban yaro, saboda haka labarin fashi ko ƙiriniya ba ya kwana bai isa gida ba. Da makarantar boko ta zo, tun daga wadda Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawar Kano a 1909, sai ta zo a matsayin sha'anin hukuma, ana karɓar yara ta hannun sarakuna da masu unguwanni, iyaye da yawa suna ɓoye 'ya'yansu don tsoron abin da za a mayar da su. Ko da aka buɗe ƙofa ga kowa da shirin ilimin firamare kyauta na 1976, sa'an nan shirin ilimin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, tsoro ya ragu ƙwarai, amma wani abu ya saura a zukata, wato ganin cewa boko na gwamnati ne, ita ta gina, ita ke biyan malamai, ita kuma ya kamata ta ji da abin da ke faruwa a ciki. Daga nan ne aka sami uban da ya san surar da ɗansa yake a makarantar yamma, amma bai san sunan malamin ajinsa na safe ba, alhali yaron ɗaya ne, kuma hisabin da za a yi a kansa ɗaya ne.

Mai tambaya zai iya cewa, don me za a tuna wa mutum da ɗan da ya haifa, wanda yake ƙauna fiye da ransa? Amsa ita ce, ƙauna ba ta kare mutum daga gafala. Mafi yawan abin da ke ɓata mana 'ya'ya ba ƙiyayya ba ce, shagala ce da neman abin sakawa a bakin salati, da tsammanin cewa gobe ma rana ce. Shi ya sa Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya fi kowa sanin halin bayinsa, ya bayyana a Suratuz Zariyat cewa muminai ne tunatarwa ke amfana, wato waɗanda suka riga suka yarda, kuma ya shar'anta huɗuba kowace Juma'a ga jama'ar da ta san tauhidi da salla tun ƙuruciya. Akwai kuma hikima a cikin gwargwadon mako kansa. Buhari ya ruwaito a babin ilimi cewa Abdullahi ɗan Mas'udu yakan yi wa mutane wa'azi kowace Alhamis, da wani ya roƙe shi ya mayar da shi kullum sai ya ƙi, don gudun kada ya gundure su, yana mai koyi da yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake zaɓar musu lokacin wa'azi. Tunatarwar kullum takan zama surutu wanda kunne ke toshewa daga gare shi. Ta ƙarshen zango kuwa, wadda ke zuwa sau uku a shekara a jikin katin sakamako, takan iso bayan ɓarna ta riga ta kafu. Yaron da ya fara laɓewa a bayan kasuwa maimakon shiga aji, idan labarinsa ya je gida cikin kwana bakwai, magana ɗaya ta uba za ta iya mayar da shi. Idan sai bayan wata uku, to, ya riga ya yi abokai, ya saba da ƙarya, kuma karatun da ya wuce shi ya yi yawa har ya fara jin kunyar aji.

Wani kuma zai ce ai waɗannan ƙananan abubuwa ne, me ya haɗa yankan farce da zuwa kan lokaci da babban al'amari irin na lahira? Sai mu ce, yankan farce yana cikin sunnonin fiɗira, tsarki sharaɗi ne na salla, kiyaye lokaci kuwa da shi salla ke inganta, kuma cika aikin da aka ɗora wa mutum shi ne farkon riƙon amana. Masana halin ɗan Adam daga cikin malamanmu, kamar Gazali da Ibn Haldun, sun haɗu a kan cewa ɗabi'a ba ta tabbata a zuciya sai da maimaita aiki har ya zama jiki. Yaron da ya shekara shida yana ganin cewa duk daren Lahadi ana duba jakarsa, ana tambayarsa aikinsa, ana tashinsa da asuba, ya koyi darasin da babu shi a manhaja, wato cewa abin da aka damƙa wa mutum ana bin bayansa. Wanda kuwa ya ga takardar malaminsa tana zama abin ƙunsa gyaɗa, shi ma ya koyi nasa darasin, kuma da wuya ya manta da shi ranar da aka damƙa masa ofis ko awo ko shari'a.

Babu shakka akwai iyayen da ba su yi boko ba, akwai kuma waɗanda talauci ya sha musu kai, kuma Allah ba ya kallafa wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Amma abin da ake nema a nan bai fi ƙarfin kowa ba. Wanda bai iya karatu ba yana da maƙwabci ko babban ɗa da zai karanta masa. Yana iya buɗe littafi ya ga ko an yi rubutu a makon nan ko shafin fari ne. Yana iya zuwa da ƙafarsa ya gaisa da malami, tun da gani ya kori ji. Uwa kuwa, wadda ita ce ta fi kowa ganin fitar yaro da dawowarsa, bai kamata a ɓoye mata saƙon makaranta kamar ba ruwanta ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausan zargi a cikin Nurul Albab ga malaman da ke koyar da almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta aika malamai mata da ake kira jaji har ƙauyuka don karantar da mata a gidajensu, domin sun san gidan da uwa ta waye shi ne makarantar farko.

Ita ma makaranta akwai ladubban tunatarwa a kanta, waɗanda in ta bar su, ita ce za ta koya wa iyaye toshe kunne. Idan kowane saƙo neman kuɗi ne, mahaifi zai riƙa ganin takarda gabansa na faɗuwa, ya ajiye ta bai buɗe ba. Ya kamata saƙo ya zama gajere, cikin harshen da mutanen gida ke ji, ya faɗi abin da aka koyar a makon da abin da za a shiga, ya ambaci alherin yaro kamar yadda yake ambaton laifinsa, domin bushara da gargaɗi tare aka aiko manzanni da su. Kuma zalunci ne a tsayar da yaro a gaban 'yan'uwansa a kunyata shi saboda bashin da ke kan ubansa, tun da shari'a ba ta kama wani da laifin wani; maganar kuɗi tsakanin manya take, a asirce, cikin mutunci.

Jawabin mas'alarmu ke nan: amanar yaro tana wuyan iyayensa tun daga ranar suna har ya kai munzilin mutum, malami abokin ɗauka ne wanda za a tambaye shi gwargwadon abin da ya karɓa, kuma babu biyan kuɗi ko dokar gwamnati da za ta mayar da na farko na biyu. Saboda haka ya kamata kowane magidanci ya yanka wa kansa sa'a guda a mako, tsakanin sallar Juma'a da daren Lahadi, ya zauna da matarsa da 'ya'yansa, a karanta abin da makaranta ta aiko, a duba littattafai, a yaba wa wanda ya yi ƙoƙari, a ja kunnen wanda ya yi sake, ya kuma ƙudurta a zuciyarsa cewa ibada yake yi, domin ranar da za a tambaye shi game da kiwonsa ba za a karɓi takardar shaidar biyan kuɗin makaranta a madadin amsa ba. Allah ya shirya mana zuri'armu, ya saka wa malamanmu da alheri, ya ba mu ikon sauke abin da ya ɗora mana.