Kai ko ke? Jinsin halittun da alƙalami ke ƙagowa

Wata ɗalibata a nan Safo ta rubuta labarin wasu halittu mazauna ƙarƙashin tabkin Madarunfa, waɗanda ba maza ba ne, ba kuma mata ba. Labari ya tafi sumul muddin suna tare, domin jam'i a Hausa bai san namiji da mace ba: sun fito, sun nutse. Ranar da masunci ya yi kiciɓis da ɗaya daga cikinsu, sai alƙalami ya cije. Kai wane ne zai ce, ko ke wace ce? Bafaranshe yana iya fakewa da "tu", amma Bahaushe sai ya yanke hukunci tun a gaisuwa.

Ba ita ta fara shiga wannan tsaka mai wuya ba. A 1969 Ursula Le Guin, marubuciyar Amurka, ta ƙago wata al'umma marar jinsi tsayayye, ta kira kowannensu da wakilin sunan namiji, a kan cewa shi ke tattara kowa. Daga baya ta amsa cewa zaɓin ya sa masu karatu ganin maza zalla.

Mu dubi namu gadon. Dodon tatsuniya namiji ne, daga sunansa aka tsiro da Dodanniya, kamar an tuna da ita bayan an gama rabo. Gizo ke da wayo da labari. Ƙoƙi matarsa ce kawai. Amma Doguwa, wadda ƴan bori na ƙasar Maraɗi suka sani sarai, ba ta aro sunanta wajen wani miji ba, kuma kwarjininta bai gaza na kowane iska ba. Ashe kakanninmu sun iya ƙago mace mai tsayuwa da ƙafarta. Mu ne muka fi riƙe Dodo.

A ganina laifi ba ya ga nahawu. Yana ga marubucin da ke ba namiji asalin suna, da sarauta, da magana, sannan ya liƙa wa mace ɗafa-ƙeya, yana cewa harshe ne ya tilasta masa. Yaran da ke karanta mu suna lura da wanda aka fara raɗa wa suna.

Ɗalibar tawa dai ta sa masuncin ya ce "ku", irin ta girmama manya. Halittar ta amsa da "mu".