Shago Ana Sake Cika Shi, Rai Ba a Mayar da Shi

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sake nuna mana wata Juma'ar, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya iyayenmu da 'yan'uwanmu maza da mata, nasihar wannan mako a kan wata gardama ce da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakaninmu. Ana yin ta a rumfunan Babbar Kasuwa, ana yin ta a Mile Six da tashar mota, ana kuma ƙarasa ta da dare a WhatsApp. Maganar ita ce: abin da jami'an tsaro suka yi wa masu zanga-zangar tsadar rayuwa a watan Agusta na 2024, daidai ne ko zalunci ne? Mu dai nan Jalingo muke neman abinci, amma tushen yawancinmu Kano ne da Katsina da Zariya da Haɗeja. In harsashi ya tashi a can, wayar wani ce za ta yi ƙara a nan. Don haka maganar tamu ce.

Abin da ya faru

An kira zanga-zangar ta kwana goma, daga 1 zuwa 10 ga Agusta 2024. Dalilinta ba sai an faɗa wa ɗan kasuwa ba: tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya tashi, kwanon masara ya tashi, mai sayen mudu ya koma sayen gwangwani. A ranar farko al'amari ya dagule a Kano. An fasa shaguna, an wawashe sabuwar cibiyar fasahar zamani ta hukumar NCC tun ba a buɗe ta ba, har Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa dokar hana fita ta awa 24. Wasu jihohin Arewa ma suka sa irin wannan doka. An harba barkonon tsohuwa, an kuma ji ƙarar bindiga.

Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da wasu daga cikin waɗanda aka kama a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, bayan kusan wata uku a tsare. Cikinsu akwai yara ƙanana, an tuhume su har da cin amanar ƙasa, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka kuma sa belin naira miliyan 10 a kan kowane ɗaya. Da ƙasa ta ɗauki ɗumi, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarni a saki yaran, ranar 5 ga Nuwamba aka miƙa su ga gwamnonin Kano da Kaduna.

A ƙarshen wannan wata kuma ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto, ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe a Borno da Kaduna da Kano da Katsina da Jigawa da Neja, an kama fiye da 1,200, kuma an yi harbi da harsashi mai rai. Rundunar 'yan sanda a ƙarƙashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun ta musanta, ta yi nata binciken, ta ce rahoton ba gaskiya ba ne, ta nemi a janye shi a ba ta haƙuri. A nan magana ta tsaya, kowa da abin da ya riƙe.

Baki biyu a kasuwa

Wani zai ce maka: “Ai tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Malamai sun hana, iyaye sun hana, suka fita. Da ba a yi harbi ba da yanzu ba sauran shago a Kano.” Mai wannan magana ba mugu ba ne. Ɗan kasuwa ne da ya san yadda ake tara jari da kwabo-kwabo, ya kuma tuna watan Oktoba na 2020, lokacin da aka fasa rumbunan kayan tallafin korona a nan Jalingo har aka sa dokar hana fita, kowa ya kwana yana tunanin rumfarsa.

Wani kuma zai ce: “Duk ɗan sanda azzalumi ne, kanwar ja ce, ba na gari a cikinsu.” Shi ma da abin da ya gani. Ya ga hoton yaran nan a kotu, ƙasusuwa a waje, ya tuna ƙanensa.

To, mu ba mu zo raba gardamar halascin zanga-zanga ba. Wannan fagen malamai ne, sun yi magana, sun kuma saɓa. Abin da muke jawo hankali a kai shi ne: ko malamin da ya ce fita haramun ce, bai ce jinin wanda ya fita ya halatta ba. Hukuncin fita daban, hukuncin kisa daban. Wurin da muke zamewa ke nan, mu haɗa biyun a kwano ɗaya saboda tsoron dukiyarmu.

Ma'aunin Musulunci

A Suratul Ma'ida, aya ta 32, Allah Ya ɗora wa rai guda nauyin mutane baki ɗaya, wajen kashe shi ba bisa haƙƙi ba da wajen tserar da shi. A Hajjin Bankwana kuma Manzon Allah (SAW) ya tsaya gaban dubban sahabbai ya haramta jini da dukiya da mutunci, ya kwatanta alfarmarsu da ta ranar da watan da garin da suke ciki. Ku lura, jama'a, huɗuba ɗaya ce ta kare shagonka, ita ce kuma ta kare ran yaron da ya bi ta ƙofar shagon. Ba ya yiwuwa mu karɓi rabi mu bar rabi.

A ce ma yaron ɓarawo ne, an kama shi da buhun shinkafa a ka. Shin hukuncin sata a shari'a kisa ne? A'a. Haddin ma ba a tsayar da shi sai gaban alƙali, da shaidu, da cikar sharuɗɗa. Malaman fiƙihu sun kawo cewa Sayyidina Umar ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwa da aka yi a zamaninsa, wadda ake kira Amur Ramada, saboda yunwa shubuha ce. Idan halifa ya yi taka-tsantsan da hannun mayunwaci, yaya mu za mu yi gaggawar halatta ransa daga kan benci?

Mu dubi Sayyidina Ali da Hawarijawa. Waɗannan mutane sun kafirta shi, suna katse masa huɗuba a masallacin Kufa. Duk da haka bai hana su masallaci ba, bai yanke musu rabonsu ba, bai kuma fara zare musu takobi ba. Ya aika Abdullahi ɗan Abbas ya yi muhawara da su, da yawa suka dawo. Bai yaƙe su a Nahrawan ba sai bayan sun zubar da jini, sun kashe Abdullahi ɗan Khabbab. Darasin a fili yake: shugaba yana amsa magana da magana, ƙarfi kuma sai ya zama dole, kuma gwargwadon larura.

Dokar ƙasa ma haka ta ce

Kada wani ya ɗauka wannan ra'ayin masallaci ne kawai. Sashe na 40 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa 'yancin taruwa cikin lumana. Sashe na 33 ya kare rai, kuma ko da ya yarda a yi amfani da ƙarfi wajen kwantar da tarzoma, ya ɗaure shi da sharaɗin kada ya wuce abin da ya zama dole. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar jam'iyyar ANPP da Sufeto Janar, ta ce ba a buƙatar izinin 'yan sanda kafin a yi taro. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ɗora musu ba masu gangami tsaro, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Akwai dokar hana azabtarwa ta 2017. Saboda haka wanda ya tambaya, “Wa ya harba, kuma da umarnin wa?” ba tayar da fitina yake yi ba, doka yake nema a bi.

Adalci ga ɗan sanda

Sai dai aya ta 8 a wannan sura ta Ma'ida ta gargaɗe mu kada ƙin wasu mutane ya ja mu ga barin adalci. Ɗan sanda ɗan wani ne, mijin wata ne. Wasunsu sahu ɗaya muke tsayawa da su a wannan masallaci, kwanon shinkafar da ya gagare mu su ma ya gagare su. Ana tura mutum kaɗan gaban dubbai, ana jifansu da duwatsu, wasu sun ji raunuka. Jifan ɗan sanda haramun ne, ƙona ofishinsa ɓarna ce, kuma wanda ya fasa shagon wani da sunan yunwa bashi ne a wuyansa har ya mayar ko a yafe masa. Mu da muke baƙi a gari mun fi kowa sanin amfanin hukuma ranar da hankali ya tashi.

Wannan buƙata tamu ita ce ma dalilin da ya sa ba za mu so a rufe maganar ba. Idan jami'i ɗaya ya yi harbi ba bisa ƙa'ida ba aka ƙyale shi, wake ɗaya ne zai ɓata gari, na kirkin ne za su kwashi baƙin jini. Bincike na gaskiya shi ke wanke mai gaskiya. Bayan zanga-zangar EndSARS ta 2020, jihohi da dama har da Taraba sun kafa kwamitocin sauraron koke a kan 'yan sanda. Ashe abu ne mai yiwuwa a zauna a saurari uwar mamaci, a saurari jami'i, a duba takardar asibiti. Idan ƙungiya ta ce 24, hukuma ta ce ba haka ba, ai ba da ihu za a raba ba. Mamaci yana da suna, yana da unguwa, akwai liman da ya sallace shi.

Abin da ya rage gare mu

Na farko, mu tsare harshe. Kalmar “maganinsu ke nan” a kan gawa kada ta sake fita daga bakin mai salla. Ba ka san wanda ke zaune kusa da kai ba, wataƙila ɗan yayarsa ne. Yarda da zalunci tarayya ce a cikinsa, ko da kana nisan kwana guda a mota.

Na biyu, mu tsare yatsa. Suratul Hujurat, aya ta 6, ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi. Sau nawa ake turo bidiyon wata ƙasa ko na shekarun baya a ce yau ne a Kano? A gari irin Jalingo, inda muke zaune da Mumuye da Fulani da Jukun da Kona, Musulmi da Kirista, bidiyo ɗaya na ƙarya ya isa ya rufe kasuwa. In ba ka tabbatar ba, bar shi ya mutu a wayarka.

Na uku, iyaye da iyayen gida, mu san inda yaranmu suke. Yaran shago da almajiran da aka ba mu amana, ranar da gari ya ɗauki zafi su ne a gaba, su ne kuma ba su da mai belinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun yanzu kowane mai shago ya rubuta sunan yaronsa da garinsu da lambar wani nasa. Kafin mu ce yaro ya bi taro, mu tambayi kanmu ko ya ci abinci a gidanmu ranar.

Na huɗu, idan an kama wani namu ko an ji masa rauni, kada a ɗauki doka a hannu, kada kuma a yi shiru don tsoro. A sanar da shugabannin unguwa da na kasuwa, a tafi da dattijo, a rubuta rana da wuri da sunan ofishi, a ajiye takardar asibiti. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, akwai Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, rundunar kanta tana da sashen karɓar koke. Kwamitin masallaci a shirye yake ya raka duk wanda bai san hanya ba.

Na biyar, wanda Allah Ya hore wa, in ya san gidan da aka yi rashi ko aka yi asarar shago a garinsu, ya aika da abin da ya sawwaƙa. Maraya ba a tambayarsa ra'ayin ubansa kafin a ba shi tuwo.

Ya 'yan'uwa, mu 'yan kasuwa ne, mun san asara. Cikinmu akwai wanda gobara ta cinye wa rumfa, akwai wanda motar kayansa ta kife, 'yan'uwa suka haɗa masa jari, yau ga shi yana ciniki. Amma ba mu taɓa jin an yi karo-karo an mayar wa uwa da ɗanta ba. An kuma sanar da mu cewa jini ne farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin mutane ranar alƙiyama. Ranar nan mai bindiga zai amsa nasa, mai umarni zai amsa nasa, mai dutse zai amsa nasa, mu ma za a tambaye mu abin da muka faɗa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyalansu haƙuri. Allah Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri. Allah Ya sa tausayin talaka a zukatan shugabanninmu, Ya ba jami'an tsaronmu tsoronSa, Ya shirya mana matasanmu, Ya sauƙaƙa mana abinci. Allah Ya zaunar da Jalingo da Taraba da Najeriya lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum.

Sakataren Masallaci, a madadin Kwamiti