Tsakanin Kano Da Jidda: Me Muka Bari A Hanya?

Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kimanin kilomita 3,400 ne, idan aka bi miƙaƙƙiyar hanya. Jirgin da ke gudun kilomita 850 a sa'a yakan cinye wannan nisa cikin sa'o'i huɗu zuwa biyar. Alhaji zai yi kalaci a Kano, ya sallaci magariba a ƙasa mai tsarki.

Kakanninmu kuwa da ƙafa da jaki da raƙumi suka bi ta Barno da Wadai da Darfur, har Sawakin a gaɓar Bahar Maliya. Sukan yada zango su yi noma ko ƙodago, su tara guzuri su ƙara gaba. Wani ya shekara biyar bai dawo ba, wani kuma can ƙasa ta rufe masa ido. Jirgin sama bai taɓa sauka Kano ba sai a 1925.

To, a nan wasu ke cewa sauƙi ya rage darajar tafiyar. A ganina wannan magana ba ta da ƙarfi. Ba wahala aka aike mu nema ba, kuma tsohuwar da jirgi ya kai Arfa ba za ta iya ratsa Darfur da ƙafa ba. Sauƙi ni'ima ce, sai godiya.

Amma akwai abin da ya salwanta, wato sanin mutanen hanya. Mai tafiyar ƙasa dole ya sha ruwan rijiyar wani, ya kwana a zauren wani, don haka ya san ana bin sa bashin alheri. Wanda ke mita 10,000 a sama kuwa, gari da mutanensa duk ƙura ce a tagar jirgi. Shin wanda ka ƙetare ta samansa yana da hakki a kanka?

Shekarar 2023 ta ba da amsa. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilu, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, sai jiragen alhazanmu suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗi ya ƙaru. Ashe gajartar hanyar ba ƙarfin inji kaɗai ba ne, har da zaman lafiyar mutanen da ke ƙasa. Cikinsu kuwa akwai jikokin maniyyatan da suka zauna a can, da zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Mai Wurno. Mu muna ƙorafin ƙarin sa'o'i, su suna neman mafaka.

Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. Jirgi ya ɗauke wa ƙafa aikinta, amma bai ɗauke mana nauyin zumuntar ba. Wanda aka rage wa tafiyar shekaru ta koma ta yini, ba shi da hujjar cewa bai sami lokacin tambayar lafiyar ɗan'uwansa ba.

Allah Ya sa mu gane.