Ko Ɗaukaka Ƙara Rashin Haƙuri Ne?

'Yan'uwa, akwai maganar da mukan faɗa wa tsohon soja sa'ad da hukuma ta hana shi fansho, ko kuwa ta ce raunin da ke jikinsa ba a bakin daga ya samo shi ba. Mukan ce, "Baba, sai haƙuri." Ya kamata mu auna wannan magana, gama ba kullum take fitowa daga tausayi ba. Sau da yawa ƙyuyar raka shi ofis ce.

Katsina ta san aikin soja. An kai 'ya'yanta Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, waɗansu kuma suka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Na Bama sun kusa ƙarewa, na basasa kuwa duk sun yi furfura. Ga mutum da tabon harsashi a cinya, amma gara ta cinye takardarsa ta sallama, ko kuwa akawu ya rubuta sunansa dabam tun ranar da aka ɗauke shi. Hukumar Fanshon Soja tana Abuja, ba ta ganin cinyarsa, takarda kaɗai take gani. Wanda ya hana shi ba lalle mugu ba ne, abin da ke gabansa ya duba. Domin haka ne aka bar ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe, watau hukuma da kanta ta yarda takan yi kuskure. In hukuma ta yarda, don me mu za mu tsare wa dattijo hanya?

Ku tuna da Bulus a gaban Fastus, cikin Ayyukan Manzanni sura 25. Ya san haƙuri fiye da mu duka, amma ya ɗaukaka ƙararsa zuwa ga Kaisar. Fansho kuwa ba sadaka ba ce, bashi ne.

Sai dai fa da gaskiya. Wanda ya ƙara wa ciwonsa gishiri a gaban likita, ko ya miƙa wa akawu goro, ya jawo zato a kan 'yan'uwansa masu rauni na ainihi.

Akwai ƙungiyar tsofaffin sojoji, watau Lijon, da aka kafa a 1964, akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a tun 1975. Amma dattijon da idonsa ya dushe ba ya iya rubuta koke. Muna da 'yan makaranta a kowace ikkilisiya. Bari su zauna da shi, Kirista ne ko Musulmi, su rubuta lambarsa, da bataliyarsa, da sunayen abokan yaƙinsa da suka rage, waɗanda za su tsaya masa shaida.