Ƙafa ce ta ci, ko takalmi?

Duk wanda ya taɓa tsaron shagon babansa ko na yayansa ya san patanti, harajin nan da ɗan kasuwa ke biya kowace shekara. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne tushen kalmar ɗaya da sunan da Ingilishi ke kiran takardar da hukuma ke ba mai ƙirƙira, wadda Faransanci ke ce wa brevet. Daga Latin ta fito, ma'anarta "a buɗe": wasiƙar sarki da ba a rufe ba, kowa na iya karantawa. Kun san halinmu mu ɗaliban ilimin harshe, ba mu wuce kalma sai mun leƙa cikinta. To wannan leƙen ya biya, don ma'anar ta faɗi cinikin da ake ƙullawa. Ka buɗe sirrin abin da ka ƙirƙira, ka rubuta shi dalla-dalla, hukuma kuma ta hana kowa ƙera shi ko sayar da shi ba da izininka ba har shekara 20. Bayan nan ya zama na kowa. A ƙasarmu hukumar OAPI da ke Yawunde ke ba da wannan takarda, ita ke yi wa ƙasashe 17.

A kasuwa ban ga aibin cinikin ba. Wanda ya kwana yana gwaji ya cancanci ya ci guminsa, kuma tsarin ya fi na maƙeri ko mai magani da ke riƙe asirinsa har ya tafi da shi kabari. A filin wasa nake da tambaya. Gasa alkawari ɗaya gare ta: mu tashi daga layi ɗaya mu ga wa ya fi. Takardar mallaka kuwa aikinta ke nan ta ce wane yana da abu, saura ba su da shi.

Mu ɗauki takalmin gudun nan na Nike, Vaporfly. Tafinsa wani irin soso ne marar nauyi da aka yi da Pebax, robar da kamfanin Arkema na Faransa ke yi, a tsakiya kuma an saka lanƙwasasshen faranti na zaren kabon. In ƙafa ta taka, soson ya lotsa ya dawo da mafi yawan ƙarfin da aka danna masa, farantin kuma ya hana yatsu lanƙwashewa su ɓata ƙarfi. Wani bincike a Jami'ar Kolorado, wanda Nike ɗin ce ta biya kuɗinsa, ya gwada masu gudu 18, ya samu cewa takalmin na rage ƙarfin da jiki ke ƙonawa da kusan kashi 4 cikin 100. A gudun kilomita 42 wannan ba wasa ba ne, mintuna ne. A wasannin Olimpik na Riyo a 2016, maza ukun da suka zo kan gaba a wannan gudu, Eliud Kipchoge da Feyisa Lilesa da Galen Rupp, duk samfurin wannan takalmi ne a ƙafarsu, alhali bai shiga kasuwa ba sai 2017. Lokacin ma takalmin asiri ne, bai kai ga "a buɗe" ba.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Kara Goucher. A watan Fabrairun 2016, a gudun da Amurka ta yi don zaɓen mata uku da za su je Riyo, ta zo ta huɗu, da tazarar minti ɗaya da ƴan daƙiƙoƙi. Biyu daga cikin ukun da suka riga ta suna sanye da samfurin, ita kuwa kwantaraginta da wani kamfani ne. Ba wanda zai iya rantsewa cewa da takalmi iri ɗaya da ita za ta je, kuma cutar ke nan. An ƙwace mata damar sanin gaskiyar ƙafarta, an kuma bar waɗanda suka ci da alamar tambaya da ba su nema ba. Kamfani na iya jiran shekara 20, ko ya jira abokan hamayya su samo tasu dabarar, kamar yadda suka yi bayan ƴan shekaru. Mai gudu Olimpik nawa gare shi a rayuwa? Biyu, in ya yi sa'a uku.

Na san abin da wasunku za su ce: ai kayan wasa kullum canzawa suke, in muka hana ƙirƙira sai kowa ya koma gudu ba takalmi kamar Abebe Bikila a Roma a 1960. Gaskiya ne, kuma ba ƙirƙira nake ƙi ba. Ku dubi ƙwallon ƙafa. Da can igiyar fata ake ɗaure bakinta da ita, mai sa kai ya sha wuya. A 1931 wasu mutum uku a garin Bell Ville na Ajantina, Polo da Tossolini da Valbonesi, suka ƙirƙiro ƙwallo marar igiya da ake hura wa iska ta ƙaramin baki, suka karɓi takardar mallaka. Wa aka zalunta? Ba kowa, don ƙwallo ɗaya ce a fili, ƙafa 44 ke binta. Ko a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1930, da Ajantina da Yurugai suka yi gardama kan ƙwallon wa za a buga, an buga rabin farko da ta Ajantina, rabi na biyu da ta Yurugai, amma a kowane rabi ƙwallo ɗaya kowa ya tasa. Haka ranar da Alfaga ya ɗauko mana azurfa a tekwando a Riyon nan dai, sulken ƙirji mai na'urar ƙidayar maki da ke jikinsa irinsa ne a jikin abokin karawarsa. Kamfanin da ya ƙera ya ci ribarsa, ba a tauye kowa ba.

Saboda haka a ganina ba takardar ce matsala ba, inda ƙirƙirar ta sauka ne. In ta sauka a fili, ta ɗaga kowa. In ta sauka a ƙafar mutum ɗaya, an shigar da ɗan takara na ɓoye, injiniya da ke zaune a Oregon, wanda ba a rubuta sunansa a jerin masu gudu ba. Wani abokina ya ce ai ƴan kokowarmu ma da layu da guraye suke shiga fili. To, amma kowane ɗan kokowa da nasa malamin, kuma ba a taɓa auna laya a ɗakin gwaji aka ce ta ƙara kashi 4 ba.

Sai da abin ya yi tsamari hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta motsa. Ranar 12 ga Oktoba 2019 Kipchoge ya yi gudun a awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Viyana (ba a ƙidaya shi a tarihi ba saboda yadda aka tsara gudun), washegari Brigid Kosgei ta karya tarihin mata da ya tsaya tun 2003. A ƙarshen Janairun 2020 aka fitar da doka: kaurin tafi kada ya wuce milimita 40, faranti ɗaya tak, kuma takalmi sai ya yi wata huɗu a kasuwa inda kowa zai iya saye kafin a shiga gasa da shi.

Nan ma sai da na leƙa cikin kalma. "Kowa zai iya saye" na nufin ba a hana ka ba, ba ya nufin kana da hali. Hausa ta raba su sarai: akwai abu daban, samun abu daban. Vaporfly ya fito a kan dalar Amurka 250, wajen jika 150 ke nan. Takalmin Adidas da Tigst Assefa ta sa ta karya tarihi a Balin a 2023 dala 500 ne, kuma don gasa ɗaya aka yi shi. Manyan masu gudun Kenya da Habasha kyauta ake ba su. Yaron da ke zagaya filin wasa na Maradi ko na Damagaram da asuba, wanda sai ya yi lokaci mai kyau kafin wani kamfani ya ji sunansa, shi ne zai saya, kuma lokacinsa za a jera shi kusa da na masu sabon takalmi ba tare da an rubuta abin da ke ƙafar kowa ba.

Da ni za a tambaya, sai in ce a mayar da takalmi ƙwallo. Duk kamfanin da ke son a yi gasa da ƙirƙirarsa, ya kawo ta wurin gasar, kowane ɗan takara ya ɗauki lambar ƙafarsa in yana so, masu shirya gasa su biya. Kamfanoni ba za su so ba, don tallarsu ta dogara ne a kan a ga ɗan wasansu ya ci, kuma ɗan wasan Adidas ba zai iya sa Nike ba sai ya karya kwantaragin da ke ciyar da gidansu. Wannan ƙullin kam yana da wuyar kwancewa, don kuɗin kamfanonin nan ne ke riƙe da wasan kansa.