Zare da Alkawari

Me ya sa Alƙur'ani, da zai gargaɗi masu saɓa alkawari, ya kawo misalin macen da ta warware zarenta bayan ya yi ƙarfi? Misalin yana cikin Suratun Nahli, aya ta 92, surar da a aya ta 80 ta lissafa ulu cikin ni'imomin Allah.

A ganina, amsar tana cikin wahalar aikin. Tumakinmu, Uda da Balami da 'Yankasa, gashi gare su, amma Fulanin Masina a ƙasar Mali suna kiwon masu ulu, suna saƙa barguna da shi. Sai an aske tunkiya, a wanke maiƙo da datti, a shanya, a tsefe har zaruruwan su miƙe, sannan a riƙa ja kaɗan-kaɗan ana murza mazari. Sili ɗaya ba shi da ƙarfi. Murɗawar ce take sa su riƙe juna. Haka na ga kakata tana kaɗin auduga, da alli a yatsunta, ta wuni ba ta cika mazari ba.

Mai warware irin wannan zare ya yi asarar kwanakinsa da hannunsa, kuma ba wanda ya tilasta shi. Mai karya alkawari ma kansa ya fara cuta kafin ya cuci wani, domin amanar da ya shekara yana tarawa ce ya watsar. Saboda haka, ɗan'uwa, auna maganarka kafin ka ɗaura alkawari, in kuwa ka ɗaura, ka cika.