Kuɗin lanho a hannun mai karɓa: amana ce ko bashi?

Daga lokacin da talaka ya miƙa kuɗin lanho aka ba shi takardar shaida, kuɗin sun bar hannunsa, amma ba su kai baitulmali ba tukuna. Kwana biyu ne ko wata guda, suna kwance cikin akwatin wani mutum: mai yanka tikiti a kasuwa, ko mai gari, ko ma'ajin gwamnati. Idan suka salwanta a wannan tsakani, wa zai biya? Kuma mutumin da ya tsaya masa lamuni, wanda bai taɓa ko dala ɗaya ba, da wane laifi za a kama shi?

Amsoshi biyu muka gada, kuma ba su jitu ba. Ta farko ta fikihun Malikiyya ce. A can, wanda aka ba ajiya amintacce ne: idan abin ya halaka ba da sakacinsa ba, ba kuma da ƙetare iyaka ba, babu ramuwa a kansa. Mai cin bashi kuwa sai ya biya, ko gobara ce ta cinye kuɗin. Wannan sassauci ba ya nufin an saki ma'aikacin hukuma ya yi yadda ya so. Malamai suna kawo labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana ware wani kaso da sunan kyautar da aka yi masa, Annabi (SAW) ya hana shi, domin ba don aikin ba da babu mai kai masa kyauta har gida.

Amsa ta biyu daga Faransa ta zo mana tare da mulkin mallaka. Napoleon ya kafa kotun binciken asusun gwamnati a 1807, kuma dokar 23 ga Fabrairu 1963 ta tattara ƙa'idar a sashenta na 60: da zarar an ga giɓi a akwati, ma'aji ne zai cike shi daga aljihunsa, ba sai an tabbatar ya ci ba. Abin da ya fi ƙarfin mutum kaɗai ke kuɓutar da shi. Kafin ya kama aiki sai ya yi rantsuwa, ya kuma kawo lamuni. Ko mutuwa ya yi, bashin yana bin gadonsa. Ƙa'idar da ƙungiyar UEMOA ta shimfiɗa wa ƙasashenta a 2009, har da Nijar, a kan wannan turba ta tafi. A taƙaice, dokar Nasara ta ɗauki amana ta mayar da ita bashi.

A ganina, game da kuɗin da suka riga suka shiga hannu, wannan tsanani yana da hujja. Mai ajiya na fikihu alheri yake yi wa maƙwabcinsa, ba a biyansa, kuma mai kayan shi ya zaɓe shi da idonsa. Mai karɓar haraji yana da albashi ko kaso cikin abin da ya tara, talaka kuwa bai zaɓe shi ba, dole aka yi masa. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. Ban da haka, makulli ɗaya ne, yana wuyansa. In aka ce sai jama'a sun tabbatar da sakacinsa, ta yaya manomin karkarar Tasawa zai san abin da ya faru cikin ɗakin da bai taɓa shiga ba? Wanda ya san gaskiyar lamari shi ya kamata ya ɗauki nauyin bayyana ta.

Sai dai a kula, kuɗin da aka karɓa daban, kuɗin da aka kasa karɓa daban. Tarihi ya nuna ɓarnar haɗa su. A Faransa ta zamanin sarakuna, ƙauye ne ke fitar da mutum daga cikinsa ya tara harajin sarki, in ya gaza a kama dukiyarsa, a kuma iya tsare masu hali na garin saboda abin da wasu ba su biya ba, har sai da Turgot ya soke wannan kamun haɗaka a 1775. A nan ƙasarmu, an ɗora wa sarakuna da masu gari irin wannan nauyi, kuma a yunwar 1931 a yammacin Nijar ba a daina neman lanho ba alhali rumbuna babu komai, mutane da yawa suka gudu suka bar garuruwansu. Mutumin da aka ce ko ya kawo ko ya biya, to kansa zai ceta, a bayan talaka kuma zai huce.

Maganar mai lamuni ta fi wuya. Hikimar abin a fili take: hukuma ba ta san halin kowa ba, sai ta nemi wanda ya sani, ta ce ya sa dukiyarsa a bayan shaidarsa. Shaidar da ba ta jawo wa mai ita asara, kowa yana iya bayar da ita. Fikihu ma ya yarda mai lamuni ya biya, amma Risala ta Ibn Abi Zaid ta sa sharaɗi: ba a zuwa gare shi sai wanda ake bi ya rasa abin biya ko ya ɓace.

To, amma wane irin yarda ne mai lamuni ya yi? Duk wanda ya san zaman gidajenmu ya san ƙane ba ya ce wa wansa a'a, suruki ba ya ƙin sa hannu. Kunya ce ke riƙe alƙalamin. Bayan ya sa hannu kuma ba shi da ikon buɗe akwati ko duba littafi. An ɗora masa alhakin abin da aka hana shi gani. Idan mai binciken da gwamnati ke biya ya shekara uku bai leƙa asusun ba, giɓi ya tashi daga jika goma zuwa miliyan, ban ga adalcin da zai sa a sayar da gonar mai lamuni a bar mai binciken da albashinsa ba. Lamuni ya kamata ya kasance da iyaka a adadi da lokaci, kuma sakacin hukuma ya rage abin da ake binsa.

Faransawa sun kauce wa wannan tun 1908, inda ma'ajiyansu suka kafa ƙungiyar lamunin juna: kowa ya zuba kaɗan, ƙungiya ta biya gwamnati, sannan ta bi wanda aka samu da giɓi. Dangi sun huta, amma shaidar hali ta tafi, ta zama kuɗin wata. Ga kuma ikon da minista yake da shi na yafe bashin da kotu ta yanke, wanda ya sa sau da yawa hukunci mai nauyi ya ƙare a takarda. Daga ƙarshe, da dokar 23 ga Maris 2022, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2023, Faransa ta soke tsohon tsarin tare da wajibcin lamuni. Yanzu babban kuskure da ya jawo asara mai yawa shi ake hukuntawa, da tarar da ba ta wuce albashin wata 6 ba, kuma mai ba da umurnin kashe kuɗi da mai riƙe su kotu ɗaya ke sauraronsu.

Wato sun koma kusa da maganar fikihu, sai an ga sakaci. Amma su haraji ta banki yake tafiya, kowace ƙwandala da sawunta cikin kwamfuta. A kasuwar Maradi ko Damagaram, inda kuɗi ke wucewa hannu da hannu kuma ragowar tikiti ita ce babbar shaida, ba zan ba da shawarar a sauke wa mai karɓa wannan nauyi ba tukuna. Wanda zan so a fara sassauta wa shi ne ɗan'uwan da ya sa hannu.